Tambaya ta Tara

Ranar da kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da takardata, sai da na taka rawa ni kaɗai a kan matattakalar sashenmu, ni uwar 'ya'ya uku mai shekara talatin da bakwai. Digiri na uku nake yi, kuma kafin a bar ɗalibi ya je ya yi wa wani tambaya ko guda, dole ya rubuta yadda zai kare mutanen da zai yi hira da su. Sau uku suna dawo mini da tawa. A karo na ƙarshe na ƙara jimlar da ta gamsar da su, da hannuna na rubuta ta, har ina yaba wa kaina yadda ta zauna: duk wanda ya janye, a kowane lokaci, ba sai ya faɗi dalili ba, kuma za a goge muryarsa ba tare da an saurara ko an kwafa ba.

Bincikena a kan tsofaffin ma'aikatan masaƙa ne, waɗanda aka sallama rana ɗaya shekara talatin da ɗaya da suka wuce, da yadda kowannensu ya sake ɗinke rayuwarsa. Na tsara tambayoyi goma sha huɗu. Farfesar da ke duba aikina, wadda ɗalibai ke kira Jan Biro a bayan idonta, ta karanta su, ta yi musu ado da jan tawada kamar yadda ta saba, sannan ta turo mini.

"Ba a fafe gora ranar tafiya," ta ce. "Ki sami mutum ɗaya ki gwada su a kansa. Ki ga wacce ke tafiya, wacce ke ɗingishi. Ki koyi riƙe rakoda tun kafin ki je gaban baƙi ki ba ni kunya."

Ban yi dogon tunani ba. Ina da tsohon ma'aikacin masaƙa a hannu, tafiyar rabin awa daga gidana. Babana makaniken injin saƙa ne har ranar da aka rufe ƙofa, daga nan ya buɗe shagon gyaran keken ɗinki a jikin gidanmu. Na gaya wa kaina ai gwaji ne kawai, kuma sauƙi na bi. Gaskiyar ita ce akwai abin da nake nema a wurinsa tun ina 'yar shekara shida.

Mahaifiyata ta rasu wata biyar bayan an rufe masaƙar. Hotonta ɗaya ne a duniya, shi ma fuskar ta dusashe. Baba bai sake aure ba, bai kuma sake ambatonta ba. Gwaggo, yayarsa, ita ta dawo gidan ta riƙe mu ni da Yaya, kuma duk lokacin da na tambaye ta sai ta ce, "Allah Ya jiƙanta, mutuniyar kirki ce," ta tura ni aike. Mutuniyar kirki! Haka ake cewa a kan kowace gawa. Ni so nake in san ko tana da faɗa, ko tana waƙa in tana wanki, ko ita ma da hagu take rubutu kamar ni. Gwaggo ta rasu, ta tafi da nata sanin. Saura Baba, mutumin da in ka ce masa ina kwana ya ce lafiya, to ka ci rabonka na yini.

Ranar Litinin bayan na tashi daga makarantar da nake koyarwa na je. Shagon yana nan yadda na san shi: warin man keke, kawunan kekuna jere a kan kanta kowanne da takardar mai shi ɗaure a wuya, gwangwanayen madara cike da noti da ƙusa, da rediyon da ba a kashewa. Na roƙe shi ya kashe. Ya dube ni ta saman tabarau kamar na ce ya cire hula a kasuwa, amma ya kashe.

"Wato yau 'yar sanda kika zama, Auta."

"Gwaji ne kawai, Baba. Amma sai ka sa hannu a nan."

Ya goge hannunsa da tsumma, ya karɓi takardar. Na zaci zai sa hannu ya miƙo. Ina! Sai da ya bi ta layi-layi da yatsa, yadda yake karanta littafin inji, ya tsaya a ƙasa ya daɗe. Sannan ya sa hannu, cikakken sa hannu mai jela irin na mutanen da.

Tambaya takwas na farko ba su ci minti goma sha uku ba. Yaushe ka fara aiki? Ya faɗi shekara. Wane sashe? Ya faɗa. Yaya dangantakarka da abokan aiki? "Lafiya." Ina cewa a raina in haka sauran tsofaffin suke, to kundin nawa ba zai kai kaurin kalanda ba.

Na karanta ta tara. "Ranar da aka sallame ku, wa ka fara faɗa wa?"

Ya ajiye ɗan ƙarfen da yake juyawa a hannu. Ya dubi ƙofa.

"Mahaifiyarki," ya ce.

A daidai nan jar fitilar rakodar ta fara ƙyaftawa. Caji ne zai ƙare. Ni da na yi wata shida ina shiri, na manta in cika ta. Na zura hannu cikin jaka a hankali, na lalubo waya da ma'ajin caji, na haɗa. Bakin wayar ya saki, sai an danne shi da yatsa yake kamawa. Na danne da hannun dama, idona a kan fitilar, na hagu kuma yana rubuta abin da aka koya mana a rubuta. Minti na goma sha biyar, ya yi shiru. Minti na sha tara, muryarsa ta yi ƙasa. Wata babbar mota ta wuce, na rubuta lokacin don in san inda ƙara za ta ɓata sauti. Ina kuma lissafin cewa tambaya ɗaya ta cinye lokacin biyar, ko in raba ta biyu, ko in mayar da ita ƙarshe.

Baba kuwa yana ta magana. Minti talatin da huɗu ya yi a kan tambayar nan, mutumin da ban taɓa jin ya haɗa jimla biyar a jere ba. Kuma ba zan ɗora wa caji laifin duka ba. Tsoro ne ya kama ni. Abin da na yi shekara talatin ina jira ya zo mini ba sallama, sai na ɓuya a bayan aikina. Na ce ai komai yana shiga rakoda, in na sami natsuwa ranar Asabar zan rufe ɗaki in ji shi ni kaɗai, in yi kukana ba mai kallo.

Abu uku kawai suka maƙale a kunnena: shuɗin mayafi, tashar mota, da "sai ta yi dariya". Ban san mayafin wa ba, ban san me aka je yi tasha ba, ban san abin da ya ba ta dariya ba.

Da ya gama na ga ya cire tabarau yana goge su da gefen riga. Na ce sauran tambayoyin sai wani jiƙon. Ya ce to. Ya rako ni har bakin titi, abin da bai saba ba, ya tsaya har na sami mota.

Washegari da safe ina cikin duba takardun jarrabawar yara a ɗakin malamai wayata ta yi ƙara. Baba ne. Shi kuwa ba ya kira sai an yi rasuwa.

"Auta, takardar nan taki. Kin ce ba sai mutum ya faɗi dalili ba."

"Haka ne, Baba."

"To na janye."

"Baba, ai gwaji ne, ba wanda zai…"

"An rubuta za a goge. Ko ba a rubuta ba?"

"An rubuta."

"Madalla. Ki gai da yaran."

Na zauna da jan biro a hannu, ni ma, ina kallon jakata a kan tebur. Wanzami ba ya son jarfa. Jimlar da na yi alfahari da ita, ni ta fara kamawa.

Maigidana bai ga abin damuwa ba. Da yamma yana cire takalmi na ba shi labari, ya ce, "Ke ma dai da neman wahala. Sa abin a kunne ki ji, sannan ki goge. Muryar ubanki ce, labarin uwarki ne. Wane kwamiti ne zai shiga tsakaninku?"

"Na ce ba za a saurara ba."

"Wa zai sani?"

Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan tun safe.

Ranar Laraba na je wurin Farfesa, ina fatan akwai wata ƙofar baya da manya suka sani. Ofishinta kundaye ne har rufi, kujerar baƙo ma sai an kwashe takardu ake zama. Ta saurare ni har na gama, sannan ta fara da inda ya fi ciwo.

"Mahaifinki kika yi gwaji da shi? Duk tsofaffin garin nan?"

"Shi ne kusa, Farfesa."

"Kusa ai ita ce matsalar. To, me ya faɗa?"

Na buɗe littafina. Na ce ya yi shiru a minti na goma sha biyar, muryarsa ta yi ƙasa a na sha tara.

"Ban tambaye ki agogo ba. Me ya faɗa?"

Na rufe littafin. Ta daɗe tana dubana, sai na ga fuskarta ta saki, abin da ban taɓa gani ba.

"Ba ki ji ba."

"Ban ji ba."

"Kowa yana yin wannan sau ɗaya," ta ce. "Sai dai yawanci a kan baƙo ake yi, a yi asarar awa guda a wuce."

"Ba yadda za a yi in saurara sau ɗaya? Ba zai shiga kundi ba. Ba zan rubuta ko kalma ba."

"Ni ba abin da zan iya hana ki, rakoda tana jakarki. Amma ba ni kika yi wa alkawari ba, ba kuma kwamiti ba. Wata mai zuwa za ki zauna gaban mutum talatin ki karanta musu jimlar nan. Ke za ki san ko gaskiya kike faɗa musu." Ta jawo wani kundi gabanta. "Tambaya ta tara kuma ki bar ta inda take. Tana aiki."

Kwana uku rakodar nan tana jakata, ina jin nauyinta kamar na ɗauko dutsen niƙa. Da ita nake shiga aji, da ita nake zuwa kasuwa. Ranar Alhamis da aka fita tara, ɗakin malamai ya zama ba kowa, na fito da ita, na sa abin ji a kunne. Fuskarta ta nuna hira ta ɗaya, minti arba'in da bakwai. Babban yatsana yana kan maɓalli. Uwata tana ciki, tana dariya a wata tasha, tsakanina da ita dannawa ɗaya. Wallahi ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so in danna ba.

Abin da ya hana ni ba kwamiti ba ne. Tunani na yi, mutumin nan bai taɓa roƙona komai ba. Bai ce in yi karatu kaza ba, bai ce in auri wane ba, ko ruwa ba ya cewa in miƙo masa in zai iya tashi. Abu ɗaya ya nema a wurina cikin shekara talatin da bakwai. Na kuma ɗauka na san dalilinsa: ya yi nadama, bakinsa ya suɓuce, yana so ya mayar da maganarsa ciki. In na saurara, na shiga ɗakin da ya rufe ke nan. Na cire abin jin na naɗe, aka kaɗa ƙararrawa, na tafi aji na koyar da darasin da ban san me na ce a ciki ba.

Ranar Asabar da hantsi na isa shagon. Na tarar yana kwance wani tsohon keke, ya jera sassansa a kan farin ƙyalle. Bayan mun gaisa na fito da rakodar na ajiye a gabansa.

"Na kawo ne ka gani da idonka, Baba."

"Ai da kin goge a can ma ya isa. Na yarda da ke."

Na nuna masa hirar, na danna. Ta tambaya ko na tabbata. Na ce na tabbata. Ko ƙara ba ta yi ba, fuskarta kawai ta koma ba komai. Na yaga shafukan littafina biyu na ba shi, ya duba lissafin mintocin, bai gane ba, ya jefa a kwandon shara.

Ya yi ajiyar zuciya, ya jingina. Sai na ga yana murmushi.

"Yauwa. Yanzu ta zama tamu." Ya ɗauki wani ɗan noti yana gogewa. "Kin ce ba sai na faɗi dalili ba, amma zan faɗa miki, kada ki ce tsohon nan ya ɓata miki aiki. Da kika tafi na yi ta tunani. Na ce maganar nan ba ta jami'a ba ce. Ba na so wasu farfesoshi su zauna suna jin yadda muka yi da ita, a buga a littafi, a ba ta lamba. Ke na faɗa wa. Tun kina ƙarama nake cewa sai kin girma, da kika girma kuma na rasa ta inda zan fara. Sai ga ki da takardarki kin yi mini tambayar." Ya yi 'yar dariya. "Tunda kin ji, me za a yi da na'ura? Kwana biyar ke nan ina jin jikina sakayau."

Da zan iya yin shiru, da na yi. Da na bar shi da sauƙinsa, in tafi da mayafina da tashata, ya mutu yana ganin ya sauke nauyi. Na buɗe baki in ce haka ne, Baba, sai kuka ya riga ni.

"Ban ji ba, Baba."

"Me?"

"Ban ji ba. Caji ne ya ƙare, ina riƙe da waya, ina rubuta lokaci. Na ce in na koma gida zan saurara. Da ka ce ka janye kuma ban taɓa ta ba."

Hannunsa ya tsaya a kan notin.

"Amma na ga kina gyaɗa kai."

"Haka aka koya mana. An ce a riƙa gyaɗa kai don mai magana ya ci gaba."

Ya dubi rakodar, ya dube ni. Na jira faɗa, na ma so ya yi. Bai yi ba. Ya ajiye notin a kan ƙyallen, a daidai gurbinsa, ya gyara masa zama da yatsa.

"Duka?" ya ce.

"Na ji shuɗin mayafi. Da tasha. Da ta yi dariya."

"Ta yi dariya," ya maimaita a hankali. A waje wani yana ta buga ƙarfe. "Auta, shekara talatin na yi ina tara maganar nan. Ranar nan ta fito da kanta, ban san yadda aka yi ba. Ban sani ba ko ina da ta biyu."

"Zan jira."

"Kada ki sa rai."

"Zan zo ranar Asabar."

Bai ce in zo ba, bai ce kada in zo ba. Ya miƙa hannu ya ƙara muryar rediyo.

Wata ya kama na fara aikin fili. Farfesa ta sa hannu, na bi tsofaffin masaƙa gida-gida, wasu a shago, wasu a kan gadon jinya. Ina karanta musu jimlar nan ido cikin ido, muryata ba ta rawa. Ina cika caji tun daga gida, in kunna rakoda in tura ta gefe, in manta da ita. Tambaya ta tara tana aiki, kamar yadda Jan Biro ta ce. Zuwa yau mutum ashirin da shida sun gaya mini wanda suka fara faɗa wa. Na san matar da ta sayar da 'yan kunnenta a ranar, na san wadda ta ce mijinta ƙarya yake sai da ta je ta ga kwaɗo a ƙofar masaƙa, na san wadda ba ta ce komai ba ta zuba masa ruwan wanka. Ina iya faɗin kowanne da ka. Na san uwayen mutane da yawa yanzu.

Ranar Asabar kuwa ba na zuwa wurin kowa. Ina barin jakar a gida, in hau mota hannu rabbana, in zauna a kan bencin shagon. Yana ba ni sassan keke in goge da tsumma. Muna maganar tsadar allura, da ciwon gwiwarsa, da wanda ya kawo keke ya ƙi dawowa ɗauka. Wani lokaci yakan ajiye abin da ke hannunsa ya dubi ƙofa, sai in daina numfashi. Sai ya ce in miƙo masa man keke.

Yau Asabar ta goma sha ɗaya. Ya ce in zo da wuri, akwai kekuna biyu da za a kwance.